Kek ɗin da 'Yar Fari Ta Zaɓa

Inna Sakinatu ta yi shekara talatin tana toya waina a unguwar Mansur, a nan Makka, kuma ban taɓa jin ta kira sunan 'yarta ta fari ba. "Waccan" take cewa, kamar yadda aka yi mata a Sakkwato.

A 2016 'yar farin, Minnatullah, ta sami aiki, ta kai uwar wani gidan shayi irin na Japan a Aziziyya. Ni maƙwabciyarsu na raka su. Aka kawo siririyar taliya cikin romo, da kek na koren shayi. Inna ta ture tsinkayen cin taliyar, ta nemi cokali, ta share kwanon tas.

"Ummi, kek ɗin ya yi miki daɗi?" in ji Minnatullah.

Inna ta kau da kai, ta dube ni. "Ce wa waccan kamar kuka aka zuba wa sukari."

Yarinyar haihuwar Makka ce, ba ta san kunyar ɗan fari ba, sai ta ɗauka raini ne. Ba ta sake gayyatar uwar ba har aure ya kai ta Dammam. Ni da na san al'adar ban fahimtar da yarinyar ba, abin da yake ci mini rai har yau.

Bayan shekara biyu Inna ta roƙe ni mu koma gidan shayin. Ta ci kek ɗin a hankali, sannan ta ce, "Minnatullah ta iya zaɓe."

Ni kaɗai na ji.