Mai Leƙen Zara

Ga wani mutum can bayan gidajen ma'aikatan madatsar ruwa a Talata Mafara, gajere mai tumbi. Ana kiran sallar magariba, shi ko ya kafa madubin hangen nesa, ya maƙala masa kyamara, yana ɗaukar hoton tauraruwa Zara. Na gaishe shi, ko ɗagowa bai yi ba, sai kaɗa hannu kamar mai korar kaza. Da gani bai taɓa riƙe kalme ya yi noma ba. Da irin madubin nan aka leƙa gonarmu ta Maradun, yau tana ƙarƙashin ruwa.

Inna Taiba da ke bayana ta ja tsaki. "Sun gama da ƙasa, Magaji. Allah shi tsare Zara."