Yaya Lawali da Ƙafafun Kwad

Duk wanda ya san Yaya Lawali ya san ba ya zama a kan abu sai ya danna shi. Kujera ce, katifa ce, motar mutane ce, sai ya ɗora tafuka biyu ya danna da dukan nauyinsa, ya saki, ya sunkuya yana kallon yadda za ta taso. Ranar sunan ɗiyata a unguwar Goutte d'Or ta Paris wani babban ma'aikacin ofishin jakadanci ya zo da doguwar mota baƙa wuluk. Bai gama gaisawa da mutane ba, Yaya ya sulale waje ya danna bayanta har ƙararrawar ɓarayi ta tashi, unguwa ta ɗauka. Ya shigo yana kakkaɓe hannu ya ce, "Ranka shi daɗe, motarka kyau gare ta, amma ba ta da dawowa." Ni Rabi, ƙanwarsa da yake kira Auta, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

To, ku da ke zaune nan, na san abin da wasunku suka riƙa faɗa a bayan idonsa: wai tsoho da furfura ya kama wasan yara. Da kunnena na ji, a shagona na atamfa a Château Rouge. Yau ni zan ba da labarin, tunda ni na gani.

Direban bas ne a Lyon. Shekara da shekaru yana jan mutane a hankali daga unguwar Minguettes zuwa cikin gari, ko tsohuwa ba ta taɓa kuka da birkinsa ba. Kwatsam, wajen tsakiyar shekarun casa'in, sai ga shi da kwad, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, na hannu, wai tseren cikin laka zai shiga, irin wanda ake hawa tudu a tashi sama a diro. Tserensa na farko bai daɗe ba. Ya shiga wata kwana a gindin tudu, ƙafafu biyu suka ɗaga, kwad ya kife a kansa, kafaɗa ta karye. Na hau jirgin ƙasa daga Paris ina kuka. Na iske shi a asibiti yana danna katifarsu da hannun da ya rage.

Na ce, "Yaya, don girman Allah ka bari hakanan."

Ya ce, "Auta, ba laihina ba ne. Abin ga tsaye yake kamar ɗan akuya, ƙahwahu haɗe. Buɗa su za a yi."

Likitansa kuwa bai ɓoye masa ba. Ga sukari, ga hawan jini. Takardar lafiya da ake shiga tsere da ita, ya ce zai sa mata hannu ta shekara mai zuwa kaɗai, daga ita ba ƙari. Yaya ya ce ta ishe shi. Abu ɗaya yake so a duniya: ya ga ƙarshen tsere sau ɗaya a zaune bisa abinsa, ba a kwance cikin motar asibiti ba.

Kafaɗa na warkewa ya tsayar da kwad bisa ƙafafun baya, ya cusa shi cikin asansar, akwatin nan mai hawa da mutane bene, ya kai shi hawa na tara, tsakiyar falon matarsa Zainabu. Wai a garejin ƙasa akwai masu dogon hannu. A nan ya kwance shi. Ya sa dogayen hannayen ƙarfe masu riƙe ƙafafun gaba, ya sa doguwar sanda ta ƙafafun baya, ya sa amortisar masu kauri, wato abin da ke shanye dirowa. Sannan ya juya tayoyin gaba ciki ya koma waje, don wani ya gaya masa hakan na ƙara faɗi. Wannan ya fi komai yi masa daɗi, yana ta cewa, "Hwaɗi kyauta, Auta! Kyauta!" Zainabu ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba: "Rabi, zo ki ɗauke yayanki. Ƙusoshi ya zuba cikin kwanonin aurena, kuma in na yi magana shi ce kada in ɓata mishi jeri."

Maganar ta kai kunnen Alhaji Mamman, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Maraɗi a Paris. Ya tattaro dattawa uku, aka sha shadda da sitaci, na yi musu rakiya har Lyon. Suka zauna a rakuɓe jikin bango, don kwad ya cinye falon. Alhaji ya yi nasiha mai tsawo: girma, furfura, abin da za a ce a gida. Ya rufe da cewa, "Lawali, abin da munka yanke, a hidda wanga abu daga gidan ga. Yau."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yarda, Alhaji."

Duk muka kalli juna. Yaya Lawali ya yarda?

Ya miƙe ya ce, "Allah ne ya kawo ku. Ku kama."

Ashe tun da ya gama aikin yake neman hannu. Kwad ya yi faɗin da ba ya shiga asansar, a tsaye ko a kwance. Dattawan nan huɗu, da bakinsu suka ce a fitar, ba halin janyewa. Aka karkata shi gefe guda, aka bi matakala. Ina biye da su riƙe da huluna, Yaya yana gaba yana ba da umarni: "Alhaji, ɗaga wajenka! Ba nan ba, za ka lanƙwasa mini birki! Malam, bar salati ka riƙe taya!" Maƙwabta suka buɗe ƙofofi suna kallo. Da aka kai ƙasa shaddar Alhaji ta yi baƙi da mai, yana haki, ya ga Yaya na tura kwad cikin wata motar kaya da ke jira.

"Ina za ka da shi?"

"Hilin gwaji, Alhaji."

"Nasiharmu hwa?"

"Na ji ta, wallahi. Tana da nauyi. Amma kai ma ka shaida, kwad ya hi ta."

Saura awon amortisar. Ana ɗaure su daidai da nauyin mai hawa, shi kuwa sai ya yi nasa awon a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ya rame har wando na zame masa. Ya hau ya zauna, Zainabu ta auna yadda abin ya nutsa da igiyar awon ɗinki, ya ɗaure, ya ce ko aljani kada ya taɓa. Aka yi salla, aka yi layya, kun kuma san Yaya da soyayyen nama. Da ya koma fili ya tashi sama ya diro, sai ji aka yi ƙwam! Kwad ya zauna har ƙasa, haƙoransa suka haɗu. Kowa ya ce ai sai ya sake ɗaurewa, aikin ɗan lokaci ne. Ya ce a'a.

"Awon daidai yake. Ni ne na ɓaci."

Sai ya kama azumin Litinin da Alhamis. Labari ya kai Paris, Alhaji Mamman ya riƙa gaya wa mutane a ƙofar masallaci cewa nasiha ta yi aiki, Lawali ya shiryu. Na tambaye shi a waya, "Yaya, tsakaninka da Allah, azumin nan na mi ne?" Ya ce, "Niyya ta Allah ce, Auta. Ramar ce amortisar ka so."

Ranar tsere muka je filin nan da ya kife a tserensa na farko, can bayan Lyon, ni da Zainabu, har da Alhaji Mamman, wanda ya ce ya zo ne don a samu namijin da zai raka mu asibiti. Baturen da ke duba injuna ya kawo sandar awo ya gwada faɗin kwad. Ya wuce ƙa'ida da yatsu biyu.

Yaya ya ce da Faransanci, "Ça passe," wato ai zai shiga.

Bature ya ce, "Ça passe pas, monsieur," wato ba zai shiga ba.

Na zaci faɗa za a yi. Yaya ya dube shi, ya dubi layin tashi inda samari sa'o'in 'ya'yansa suka fara jeruwa. Ya durƙusa cikin laka, ya kwance tayoyin gaba, ya mayar da su yadda suke tun asali. Faɗinsa na kyauta ya tafi. Bature ya sake aunawa ya ce ya shiga. Yaya ya nuna masa yatsu biyu ya ce da Hausa, "Ajiya na ba ka."

Aka tashi. Samari suka bar shi a baya tun tudun farko, ba zan yi muku ƙarya ba. Yana tashi sama kamar buhun gero, amma in ya diro kwad na karɓarsa. Ni idona na kan kwanar nan ta gindin tudu. Ya shigo ta, ƙafafun ciki suka ɗaga, na ga hasken rana a ƙarƙashinsu. Zainabu ta damƙe mini hannu. Ƙafafun suka tsaya a sama kamar suna shawara, sannan suka koma ƙasa. Sai na ji wani na ihu a bayana, na waiwaya: Alhaji Mamman ne bisa tudun ƙasa, hula a hannu, yana cewa, "Danna, Lawali! Danna, ɗan uwana!"

Samarin suka zagayo suka wuce shi, suka sake wucewa. Bai tsaya ba. Shi ne na ƙarshe da ya iso, har na ɗaya ya fara shan ruwa, amma mai tuta ya kaɗa masa ita kamar kowa. Saboda haka duk mai cewa wasan yara ne, ya san inda shagona yake, ya zo ya faɗa a gabana.

Muka ruga wurinsa. Ya kashe inji, ya zauna, ya ƙi cire hular kwano. Na ɗaga masa gilashin idon, na ga fuskar nan duk laka, sai layi biyu da suka wanke daga ido zuwa gemu.

Ya ce, "Zuhwa ce, Auta. Ruhe."

Na rufe. Muka tsaya muka kare shi daga mutane har ya gama.

Likita ya cika maganarsa, Yaya bai sake shiga tsere ba, bai kuma taɓa yin ƙorafi ba. Yanzu ga shi ya riga mu, kuma wallahi ina kewarsa, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Allah ya jiƙan Yaya Lawali, ya yafe masa kurakuransa, ya ba Zainabu haƙuri. Allah ya yalwata masa makwanci, ya sa ya sauka a hankali. Amin.