Guntun Mabiyiya

Wallahi wannan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarun da ƙauyuka suka watse jama'a suka cika Maiduguri, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, daga unguwar Mairi nake zuwa. Aikina ɗaya ne: in yanki ɗan guntu daga mabiyiya bayan haihuwa, in kankaro ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jininta, in sa su a faifan gilashi, in zuba musu ruwan magani, in leƙa a madubin likita. Kyawunsu kamar daɓen tsakuwa, kowace ta jingina da 'yar'uwarta, shiru.

Ƙa'ida a nemi izini. Wata rana wata 'yar gudun hijira ta haihu, ba ta jin Hausa, ni kuma Barbarcina bai wuce gaisuwa ba, sai na ce a raina, wa zai lura da abin da bai kai farce ba? Na yanka, aka miƙa wa wata tsohuwa, uwar maijegon, ragowar ta je ta binne.

Kwana uku bayan nan, da azahar, gari ya yi tsit, na leƙa, sai na ga daɓen ya tashi. Ƙwayoyin nan sun yi layi suna tafiya a hankali, duk gefe guda, kamar masu kaya a ka. Na juya faifan gilashin. Suka dakata, suka sake juyawa wajen tagar arewa. Ban ji tsoro ba fa, wata irin kewa ce ta rufe ni, har da hawaye.

Ina ɗagowa ga tsohuwar a bakin ƙofa. Wa ya nuna mata ɗakina, oho.

Ta gaishe ni da Barbarci, sannan ta koma 'yar Hausarta, ta ce, "Wushe, ɗana. Jikata kwana uku ba ta kama nono ba. Abin da na binne bai cika ba."

Kunya ta kama ni. Na ɗauko guntun da faifan na ba ta, ta naɗe a farin ƙyalle. Na ce, "Iya, ina ne garinku?" Ba ta ko waiwaya ba, sai ta nuna tagar nan ta arewa.

"Babu kowa can yanzu," in ji ta.

Kafin la'asar ungozoma ta ce min jaririyar ta kama nono.

Na ga dubban irin ƙwayoyin bayan nan, ba wadda ta motsa haka. Jama'a, abin da ya fito tare da mutum, komai ƙanƙantarsa, ku tambaya kafin ku taɓa.