Saƙon da Masta ya riƙe

Mu shida ne a ƙungiyar kiɗan, ni ke kaɗa jita, kuma ni kaɗai ne ɗan Zongo, unguwar Hausawa Musulmi. Sauran 'yan kudu ne, Kiristoci. Shugabanmu, wanda muke kira Masta, shi ke rera waƙa, kayan kiɗan ma duk nasa ne. Shekara bakwai muna tare. Ya san ɗakinmu na Nima, Zongonmu da ke babban birni, ya ci shinkafa da waken mahaifiyata har ba adadi, yana kiranta Mma kamar yadda nake kiranta.

A shekarar da nake magana mun yi mako uku a hanya: Takoradi, Tarkwa, Obuasi. Tsohuwar bas, muna zaune a kan lasifikoki, ana faɗa a kan sabulu da wurin taga. Mai ganga da mai bes, jitar nan mai kaurin murya, suka daina yi wa juna magana, sai ta bakina. Daga nan muka faɗa situdiyo a Kumasi, kwana huɗu, don ɗaukar faifanmu na farko. A lokacin tare ake ɗauka, mutum ɗaya ya kuskure kowa ya koma farko. In babu jita, aiki ya tsaya.

Na bar Mma tana tari. Da zan tafi ta ce, "In na mutu kana yawon kiɗanka, wa zai sa ni a rami?" Na yi dariya. Ni ne ɗanta namiji tilo.

Ranar Juma'a da rana muka gama waƙar ƙarshe. Masta ya ja ni gefe, ya miƙo mini baƙin yadi a ninke.

"Ka yi haƙuri, Mma ta rasu. Kawunka ya bugo waya otal ranar Talata da safe."

"Talata?"

"Na ga in na faɗa maka hannunka zai mutu. Amma duba, na sayo mana yadin makoki duka. Ku sa rana, za mu zo mu yi mata kiɗa kyauta."

A wajensu gawa takan yi wata biyu a firjin asibiti kafin dangi su sa ranar bikin binnewa. Shi a lissafinsa kwana uku ba komai ba ne. Shekara bakwai yana cin abincinmu, bai taɓa tambayar yadda muke binne matattunmu ba. Ko kuwa ya sani, faifansa ne ya fi? Har yau ban yanke ba, kuma ko wanne ne ban yafe ba. Na jingine masa jitarsa a bango, na fita.

Na sauka a tashar motar Circle, na shiga Nima da ƙafa. Ƙanwata na gani a ƙofa.

"Yaya, yanzu ka zo? Mma ya tafi tun Talata. Mun jira ka aaa, har la'asar ya wuce. Limam ya ce ba a ƙara jira."

Kumasi tafiyar awa shida ce. Da an faɗa mini, da na iso. A daidai lokacin da suke zaune a kan benci suna leƙen titi, ni ina maimaita amshi ɗaya sau goma sha, ina jin haushin mai ganga.

Wani tela ɗan haya a gidanmu ne ya shiga ramin ya karɓe ta. Washegari na roƙe shi ya raka ni maƙabarta. An yi ruwa kwana biyu, ƙasa ta kwanta, sababbin kaburbura uku a jere, babu alama. Ya tsaya yana duba wannan, yana duba wancan.

"Ina jin na tsakiya ne," in ji shi. "Ko na gefen."

Na durƙusa a kan kowanne na yi addu'a, ina cewa Mma, ga ni na zo.