Ranar da Baba Illo Ya Ɗauka Zaman Makokinsa Muka Shirya

Duk wanda ya zauna a Agege ya san Baba Illo mai fata, ya kuma san ba a gaishe shi a wuce lafiya. Ka ce, "Baba, ina kwana?" sai ya ɗago kai daga kan fatar da yake barbaɗa wa gishiri, ya ƙare maka kallo tun daga hula har silifa, sannan ya ce, "Wa ya aiko ka?" Ka ce ba kowa, gaisuwa ce kawai. Ya ce, "To, na ji. Sai mi kuma?" Mutumin Maraɗi ne, ya yi shekara arba'in a Ikko yana sayen fatu a mayanka, amma bakinsa bai canza ba, zarginsa ma bai ragu ba. Ni Garba, shekara goma sha biyu rumfata tana jikin tasa, kuma wallahi har ya bar duniya bai taɓa shan shayin da na haɗa ba sai na fara kurɓa.

Akwai ranar da muka tafi kasuwar Alaba Rago tare. Kwandastan motar hayar nan, danfo, ya ga dattijo da furfura, ya buɗe masa ƙofar gaba, ya ce, "Baba, shiga nan." Kujerar da mutane ke faɗa a kanta! Baba Illo ya ja da baya, ya riƙe hannun rigata.

"Garba, ka san shi?"

"A'a, Baba. Girmama ka ya yi."

"Duk mutanen da ke tashar nan, ni kaɗai ya gani? In aka yi karo, wa ke fara mutuwa? Na gaba!"

Haka muka bar motar, muka tsaya a rana kusan awa guda, har muka sami wadda kwandastanta ya daka mana tsawa ya cusa mu a baya kusa da buhun barkono. Baba yana atishawa yana murmushi. Ya ce, "Ka ga mutumin kirki. Wannan ba ya son komi gare mu."

Sai maganar waya. 'Yarsa Hadiza ta aiko masa da babbar waya daga Maraɗi don su riƙa ganin juna. Baba ya samo gwangwanin madara babba, ya saka ta ciki, ya rufe. Na ce, "Baba, ai in ta kira ba za ka ji ba." Ya ce, "Ita ma ba ta jin nawa. Mun yi daidai." Sai ranar Juma'a yake buɗewa, kuma kafin ya buɗe sai ya ce duk mu yi shiru.

To, abin da ya sa na ɗauko labarinsa shi ne bikin nan da har yanzu ake tsokanata a kai.

Zazzaɓi ya kwantar da shi a ƙarshen wata shekara, na kai shi asibiti da ƙyar da siɗin goshi. Nas ta nemi katin shaidarsa, ya ƙi ba ta, sai ni ya miƙa wa, wai in riƙe da hannu biyu ta karanta daga nesa. A nan na ga an rubuta ɗaya ga Janairu a wurin ranar haihuwa, kuma da na lissafa sai na ga saura mako biyu ya cika saba'in. Aka ba shi magani, ya warware sarai. Da muka dawo na faɗa wa Iya Basira, Bayarabiyar da ke sayar mana da abinci a bakin layi. Matar nan ta dafe ƙirji.

"Saba'in? Ha! Garba, ku Hausawa ba ku da tausayi. Mutum ya yi saba'in a garin da ba nasa ba, ba mata, ba yara kusa, ku bar shi haka? Dole mu yi masa biki!"

Alhaji Tanko mahauci, wanda suka shekara ashirin suna gardama da Baba a kan komai, ya ce shi zai kawo nama. Muka yanke cewa kada Baba ya sani. Kuskurenmu ke nan. Ka ɓoye wa Baba Illo abu?

Tun kwana na biyu ya fara lura. In ya doso muna magana, sai mu yi tsit. Iya Basira ta fara ƙara masa nama a abinci. Ya ƙirga da cokali, ya ce, "Iya, jiya biyu, yau ukku. Mi ya faru?" Ta ce, "Baba Maraɗi, ka ci kawai, Allah ya ƙara maka kwana." Ya ajiye cokalin. Bai ci ba.

Abin da ya ƙarasa rikita shi tela ne. Mun sayi farar shadda za a ɗinka masa kaftani, amma ba mu da awonsa. Muka ce wa telan ya zo kamar wucewa yake, ya auna shi da ido. Shi kuma sarkin wauta, ya zo da yadin a kafaɗa, ya zaro tef ta bayan Baba yana aunawa daga wuya zuwa dunduniya. Baba ya waiwaya. Ya ga farin yadi, ya ga tef, ya gan ni ina ɗaga wa telan gira. Ya koma kan fatarsa.

Da azahar ya kira ni bayan rumfa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Garba, tsakaninka da Allah, mi likita ya gaya maka?"

"Zazzaɓi ne, Baba, kuma ka warke."

"Ƙarya kake. Kwana nawa ya ce?"

Na rantse, na sake rantsewa. Ya ce, "Yawan rantsuwar nan ma ya ishe ni amsa." Na so in tona, amma Iya Basira ta riga ta ce in na buɗe baki kada in sake zuwa da kwano wurinta.

Sai ga Baba Illo yana bin layi rumfa-rumfa yana neman gafara. Ko ita ma da salonta. Ya tsaya gaban Alhaji Tanko ya ce, "Tanko, in na taɓa yi maka laifi, ko da yake ban tuna ba, ka yafe." Alhaji ya cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce, har hawaye suka zo masa. Baba ya ga hawayen, ya girgiza kai, ya ce, "Har kai ka sani ke nan."

Ranar ɗaya ga wata, bayan sallar la'asar, na ce ya raka ni wurin Iya Basira. Muna shan kwana ya hango rumfar tamfol, kujerun roba a jere, manyan tukwane a wuta, mutanen layi duk sun hallara. Ya tsaya cak.

"Innalillahi! Tun ban mutu ba kun kafa rumfar makoki? Ku bari in cika mana! Gaggawar mi kuke?"

Wurin ya fashe da dariya, har wani ya faɗo daga kujera. Iya Basira ta taho da kek a faranti, kyandir yana ci a kai, tana rawa tana waƙa da Yarabanci. Na ce, "Baba, ranar haihuwarka ce. Yau ka cika saba'in."

"Wa ya ce?"

"Katinka."

"Katin? Rabin mutanen garinmu ɗaya ga Janairu aka rubuta musu! Wanda ya rubuta bai tambayi kowa ba. Uwata ta ce ana cikin yankan gero aka haife ni. Ana yankan gero a Janairu?" Ya dubi farantin. "To, farin yadin fa?"

Tela ya miƙo kaftanin a ninke, da aiki a wuya. Baba ya warware shi, ya duba ciki da waje, ya zura hannu a aljihu. Ya ce, "Likkafani ba ya da aljihu." Sai a lokacin na ga kafaɗunsa sun sauka.

Aka ce ya hura kyandir. Ya ce shi ba zai tofa yawu a kan abin da jama'a za su ci ba, ya lashi yatsu biyu ya murƙushe wutar. Aka yanka masa gaton, kamar yadda yake kiran kek, ya ce sai Iya ta ci, sai Tanko ya ci, sai ni. Muka ci. Ya duba agogo, ya jira minti biyar cur yana kallon fuskokinmu, sannan ya gutsura. Ya tauna a hankali, ya ce, "Sukari ya yi yawa. Ƙaro." Sannan ya juya wajen Alhaji Tanko ya ce, "Gafarar da na nema shekaranjiya, na janye. Ba a cikin hayyacina nake ba."

Ya ci tsire, ya ci shinkafa faranti biyu, ya saka kaftanin a kan rigarsa ta aiki ya bari aka ɗauke shi hoto, abin da bai taɓa yarda da shi ba. Da taro ya fara watsewa, na same shi zaune shi kaɗai yana naɗe ragowar kek a hankici. Na zauna kusa da shi. Bai dube ni ba ya ce, "Garba, tun da na sauka garin nan ba a taɓa tara mutane saboda ni ba." Ya goge ido da hannun sabon kaftanin, ya ce hayaƙin tsire ne.

Bayan shekara biyu, cikin damina, ya kwanta kwana uku ya cika, muna zagaye da shi. Mu muka yi masa wanka, mu muka ɗauke shi, Alhaji Tanko ne ya shiga kabari ya karɓe shi, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Allah ya jiƙan Baba Illo, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Ya rayu baƙo a cikinmu. Ya Allah, ka sauke shi a gidan da babu baƙo a cikinsa. Amin.