Ranar da Aka Tambayi Inna Sunan Ɗanta

Ƙamshin kifin banda ba ya barina in zauna lafiya. Da ya bugi hancina sai in ga yayana a bakin tabkin Madarumfa, wando a naɗe, yana kora ni gida.

Shi ne ɗan farin innarmu. Kun san al'adar da: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ko kallonsa a gaban mutane. "Wancan yaron" take ce masa, amma ƙanzon tuwo shi take ɓoye wa.

Shekarar da fara ta cinye gero, babanmu ya tafi ci-rani Katsina. Bazara ta yi tsawo, tukunyarmu sai ganye. Yayana, wanda ko muryarsa ba ta fashe ba, ya huda rumbun tsimin da Nasara suka tilasta a tara, ya ciko hularsa da gero. Gardi, dogaran Nasara, suka kama shi.

Kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, ya zo rangadi, aka gurfanar da yaron a gindin tsamiya. Tafintansa baƙo ne daga can bakin teku, Hausar kasuwa kawai ya iya. Ya nuna Inna, ya ce, "Ke ce uwa? Faɗi sunan yaro."

Inna ta ja zane ta rufe fuska, ta dubi ƙasa. Ya sake tambaya, ta yi shiru. Babu wanda ya ga laifinta, duk mace mai kunya haka za ta yi. Tafinta ya juya ya yi Faransanci. Sai daga baya muka ji abin da ya faɗa: yaron ba shi da kowa. Mai uwa bulala ake yi masa a sake shi. Marar kowa kuwa gidan horon yara ake kai shi, can nesa. Haka aka tafi da yayana.

Wani ya ce ya gan shi yana fasa dutse, wani ya ce tari ya kashe shi. Mun gaji da tambaya, har muka daina.

Yau 'yan jikokina suna kwaɗa wa 'ya'yansu na fari kira daga ƙofar gida. Tsofaffi 'yan'uwana suna tsaki, ni kuwa ba na hana jikokin. Ni na yi jinyar Inna. A ciwon ajalinta ta kira sunan nan da ƙarfi, ta yi ta kira, kamar tafintan yana tsaye yana jira.