Ba a Shiga da Robar Wanka Ba

A asibitin kowa Inna Tsumma yake ce mata, saboda tsumman goge gilashi da ba ya barin kafaɗarta. Ta tsufa a sashen masu ciwo mai tsanani, inda bangon kowane ɗaki gilashi ne, don nas-nas su riƙa hango marasa lafiya daga teburinsu. Idan aka danna wani maɓalli a bakin ƙofa, sai gilashin ya yi fari fat kamar madara, ba a ganin komai. Ma'aikata kan ce, "Ya rufe ido."

Ranar da ta fara aiki ta zaci datti ne, ta yi ta dirza har gumi ya jiƙa ta.

"Inna, za ki huda mana bango!" in ji wata nas, tana dariya.

Sannu a hankali ta gane abu biyu ke sa a rufe shi: wanka ko rasuwa. In wanka ne, sai an fara shiga da robar wanka da tawul. Tun daga nan robar take dubawa, ba fuskar likita ba.

Da ciwon zuciya ya kayar da mijinta, tsohon direba, ɗakin ƙarshe aka kwantar da shi. Ba a barin dangi su daɗe a ciki, amma wa zai hana mai goge gilashi tsayawa? Kullum takan ɗora tafin hannunta a jikin gilashin, shi kuma ya ɗaga yatsa, sannan ta goge sawun.

"Gilashin nan ya gaji da ke, Inna," wata nas ta tsokane ta.

"'Yar nan, maigidana ne bai gaji ba."

Wata safiya tana matse tsumma ta ga likita ya shiga ɗakin mijinta da sauri. Ta ɗora hannu. Gilashin ya yi fari a ƙarƙashin tafinta.

Nas ɗin ta fito ba ta kalle ta ba. Inna ta riƙo gefen rigarta.

"'Yar nan, wanka za ku yi masa, ko?"

"Inna, zo ki zauna."

"Kun manta robar ne? Bari in ɗauko muku."

Ta je ta ɗauko, har da tawul. Ta tsaya a bakin ƙofa rungume da ita, ba wanda ya karɓa.

Da aka buɗe gilashin da rana, an riga an cire zanin gadon. Sawun hannunta na nan. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta sauke tsumman daga kafaɗarta.